Amsoshin Tambayoyinku: Zancen Abincin Oganik Da Wake Mai Sniper

Assalamu alaikum manoma da masu cefane. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abincin da muke kaiwa baki ne, zan amsa su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon hali.

Wata Hajiya daga Samaru ta ce ta ga ana tallan alayyahu da latas da tumatir wai "oganik" a WhatsApp, kuɗinsu ya ninka na kasuwar Sabon Gari, shin ta saya ko yaudara ce?

Hajiya, oganik ɗin nan ma'anarsa an noma abu ba takin zamani ba maganin feshi na sinadari, a ƙa'idar ƙasashen waje ma sai gona ta yi shekara 2 zuwa 3 ba a zuba mata komai ba, sannan a zo a duba a ba da takarda. Mu nan kowa zai iya rubuta kalmar a jikin leda. Kar ki biya kuɗin suna. Ki tambayi mai sayarwa ina gonar take, da wane ruwa ake ban ruwa, yaushe aka yi feshin ƙarshe. In ya fara kame-kame ki riƙe kuɗinki. Ke da kike Zariya ga Bomo ga Shika ga fadamar Galma duk a kusa, ki samu mai lambu ɗaya da kika yarda da shi ki riƙa saye a hannunsa, ki je ki ga lambun da idonki ko sau ɗaya ne. Kuma ganyen da kika ga ɗan huji-huji a jiki kar ki raina shi, ni wanda yake sumul kamar an goge shi ne nake yi wa tambaya.

Wani Malam daga wajen Giwa ya ce yana da wake buhu 14, bara ƙwari sun mayar masa da rabi gari, mai shagon magani ya ce ya sa Sniper, murfi nawa zai zuba a buhu?

Ko ɗigo ɗaya, Malam. Wallahi na gaji da amsa tambayar nan, duk kaka sai ta dawo, kuma abin da ya fi ci min rai ba a tambaya ko ya halatta a zuba, sai dai murfi nawa. Sniper guba ce, sinadarin da ke ciki sunansa dichlorvos, ba a yi shi don a cakuɗa da abinci ba. Na taɓa shiga wani sito a wata kasuwar hatsi na tarar an baje wake a kan tamfol, yaro ɗan shekara sha ya tsoma tsintsiya a bokiti yana yayyafawa, wani na juyawa da ƙafa ba takalmi, warin ya cika ɗakin har idona na ruwa. Na ce wa mai kayan, Alhaji a cikin nan za ka ɗebi na gida? Ya ce a'a, na gida yana cikin jarka daban. Wato ya sani sarai. Waken nan shi mai ƙosai za ta saya, shi za a yi wa yara alala da shi su tafi makaranta, ƙila ma 'yarsa da ke aure a Tudun Wada ita za ta auni mudu biyu a ciki bai sani ba.

Wannan guba tana taɓa jijiyoyin jiki ne, wanda ta kama sosai za ka ga amai da gudawa, yawu na dalala, gumi, jiri, numfashi na sarƙewa, in haka ta faru asibiti za a nufa kai tsaye ba a tsaya ba da manja ko madara ba. Kuma asarar ta kai har aljihunmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta saboda wannan sinadarin, ƙa'idarsu kar ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, namu aka samu ya ninninka haka nesa ba kusa ba. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwa. Duk da haka ga shi har yau ana tambayata murfi nawa.

Sai masu sa wa hatsi ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake ce wa bom. Ita iska mai guba take fitarwa, aikin wanda ya koya ne, a sito mai rufi nesa da wurin kwana, a ƙulle ta a ƙyalle kar ta taɓa hatsi. Amma mutum ya jefa ta tsirara cikin buhu ya jingine buhun a ɗakin da matarsa da yara ke kwana, don Allah a bari.

To me za ka yi da buhu 14 ɗinka? Ƙwaron wake numfashi yake kamar ni da kai, ka hana shi iska ya mutu, shi ke nan fa. Tun daga gona yake biyo waken, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya, shi ya sa kake ganin ka ɗinke buhu lafiya bayan wata biyu ka buɗe ka tarar da gari. Ka sheƙe waken ka fitar da ƙaiƙayi da tsakuwa, ka shanya shi ya bushe ƙayau, ka ciji ƙwaya ɗaya in ta fashe ƙas to ya yi, in ta lotsa a haƙori saura. Ka bar shi ya huce a inuwa, kar ka ɗura da zafinsa. Sannan ka nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu na uku a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Kafin ka zuba ka hura kowace leda ka matse ka ji ko tana fitar da iska, mai huji ko na allura ne ba ta da amfani. Ka cika, ka matse iskar da ta rage a sama, ka murɗe bakin leda ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje. Ka ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango saboda ɓera. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne buɗewa duk sati wai a leƙa, kana buɗewa ka ba ƙwarin iska sun farfaɗo. Ka bar shi a ɗaure sai ranar da za ka kai kasuwa. In ka kula da buhun zai yi maka kaka biyu ko uku, ka lissafa da kuɗin Sniper da rabin waken da ka rasa bara ka gani.

Wanda wakensa kaɗan ne, jarka mai murfi mai kyau ko duro ya wadatar, a wanke a busar, a cika har wuya, a sa leda a baki a murɗe murfi. Iyayenmu ma da tankaɗaɗɗiyar toka suke gauraya na iri a tukunya su shafe bakin da laka, kuma yana kai su damina.

Masu saye kuma, ku sa hannu cikin buhu ku shinshina, in kun ji wari kamar na fiya-fiya ku wuce gaba. Shanyawa a rana da wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa amma ba zan ce muku suna fitar da shi duka ba.

Wani matashi mai lambu a Dakace ya ce tsutsar nan da ake ce wa sharon ta dame shi a tumatir, duk kwana uku yake feshi, kuɗinsa sun ƙare, zai iya komawa darbejiya?

Ɗana, feshin kwana uku-ukun nan da magani iri ɗaya shi ya sa ta daina jin magani. Tsutsar tana cikin ganye ne tsakanin fata da fata, ka ɗaga ganyen a rana za ka ga hanyarta fari-fari. Ita ce ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kai. Darbejiya tana taimakawa in ka fara da wuri: ka daka busassun 'ya'yan kamar rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka ɗan sa sabulu, ka fesa da yamma duk sati har ƙarƙashin ganye. Amma ita kaɗai ba za ta ceci lambun da ya riga ya kama ba. Ka tsinke ganyen da ya kamu ka binne, bayan girbi ka tattara karan ka ƙone, kar ka bi tumatir da gauta ko tattasai a kwami ɗaya. In dole sai maganin kanti, ka shiga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru ko ka nemi malamin gona ya nuna maka yadda ake sauya su, kuma ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka. Feshi yau kwando a kasuwa gobe, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Wani ya ce yana zuba ɗanyen kashin kaji a latas, ai shi ma oganik ne ko? Ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana ɗauke da cutar ciki, ga latas ba dafa shi ake ba. Ka tara shi da ciyawa ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Takin juji na cikin gari kuma a tsince leda da batir da kwalba kafin a kai gona, sannan ruwan kwata da ke gangarawa Kubanni bai dace da ganyen da ake ci ɗanye ba.

Baba mai mangwaro daga Wusasa ya tambayi ko ya sa kabayid mangwaron ya nuna da wuri don ya riga kowa kai wa kasuwa. A'a Baba, na masu walda ne, ku bari ya ƙosa a bishiya, ku jera a kwali da ayaba nunanna biyu ko uku a ciki ku rufe, cikin 'yan kwanaki zai nuna.