Filin Karkara da Filin Gari: Amsar Maigida ga Ɗan Koyo

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa a jihar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya ake kimanta filin karkara da ma'auni ɗaya, filin da ba na karkara ba kuma da wani ma'aunin, alhali ƙaramar hukuma guda ce take karɓar harajin duka biyun. Kafin in amsa, sai na gyara maka wani abu: ba ƙaramar hukuma ce take yin kimantawar ba. Aikin na Babban Mai Kimanta Filaye na jiha ne, bisa dokar kimanta filaye ta shekarar 2010. Shi yake fitar da ƙimar kowane fili, sannan hukuma irin ta Tuwumba, wadda take da birni da kuma gonaki masu faɗi a ƙarƙashinta, ta ɗauki ƙimar ta ɗora harajinta a kai.

A duka ma'aunan biyu ba a sa gini a lissafi, ƙasa kaɗai ake yi wa kuɗi. Inda suka rabu shi ne iyakar abin da za ka kawar a zuciyarka kafin ka ce ga ƙasar. Idan filin gari ne, za ka ɗauke gida da shago da shinge, amma ka bar aikin da aka yi wa ƙasar kanta, wato saran itatuwa, ciko, bajewa da magudanar ruwa, ka tambayi kanka nawa za a sayi wannan fuloti yadda yake a gyare. Idan filin karkara ne, sai ka ƙara komawa baya, ka mayar da shi daji kamar ba a taɓa yi masa sassabe ba, duk da cewa hanyar mota da wutar lantarki da kasuwar da suke kewaye da shi suna nan yadda suke a yau.

Kafin 2011 da ma'aunin dajin ake kimanta filaye duka, har na tsakiyar Birisben, babban birnin jihar. Ka duba wahalar da ke ciki: filin da aka cike fadamarsa tun zamanin kakanni, aka gina kantuna a kai, wa zai iya rantsuwa da yadda yake tun asali? Gardama ta yi yawa har gaban kotu, shi ya sa aka sauya wa filin gari ma'auni. Filin karkara kuwa aka bar shi a kan na da, kuma a ganina an yi daidai, domin babban rabo na darajar gona gumin manomi ne, kuma bai kamata a ɗora wa mutum haraji a kan dajin da ya share da kuɗinsa ba.

A nan ne sana'ar take, don haka ka natsu. Ba a samun dajin da ba a taɓa ba a kasuwa kullum, saboda haka daga cinikin gonakin da aka riga aka gyara ake ciro ƙimar. A ce an sayar da gonar kiwo dala miliyan 2. Sai ka shiga mota ka bi shingen waya ka auna tsawonsa, ka duba ko turakunsa sun fara ruɓewa, ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da madatsun ruwa da wuraren killace shanu, ka lissafa abin da sassaben kowace hekta zai ci a yau, ka rage wa kowanne gwargwadon tsufansa. Idan jimillar ta kai dala dubu 800, abin da ya saura, dala miliyan 1.2, shi ne kuɗin ƙasar. Wanda ya yi wannan lissafi daga kan tebur bai taka gonar ba, ƙimarsa ba za ta tsaya a gaban alƙali ba. Da irin waɗannan cinikayya ake gwada wasu filaye da aka zaɓa su wakilci yanki, sannan a bi sauran maƙwabtansu da sauyin da aka gani.

Kada idonka ya yanke maka hukuncin wanne ne na karkara. Tsarin raya gari na ƙaramar hukuma ne yake faɗa, kuma filin da aka ware don gidajen zama masu faɗi a bayan gari ana kimanta shi da ma'aunin gari ko da kana ganin dawaki a ciki. Akwai kuma sassauci ga manomi: matuƙar noma ake yi a filin, ba a ƙara masa ƙima don kawai ana iya yanka shi fulotai nan gaba.

Ana ɗaukar farashin ranar 1 ga Oktoba, a aika wa masu filaye takarda kafin ƙarshen Maris, ƙimar ta fara aiki ranar 30 ga Yuni. Wanda bai yarda ba yana da kwana 60 ya shigar da ƙorafi, idan bai gamsu da amsar ba ya tafi Kotun Filaye.

Abin da masu filaye suka fi kuskuren fahimta shi ne, hawan ƙima ba lallai ya zama hawan haraji ba. Hukuma tana fara tsayar da kasafinta, ta kasa filaye rukuni-rukuni, na zama da na kasuwanci da na noma, kowanne da adadin da ake biya a kan dala ɗaya, ta sa mafi ƙarancin abin da kowa zai biya, kuma tana da ikon ɗaukar matsakaicin ƙimar shekara 2 ko 3 don rage kaifin tashin farashi. Wanda nauyi yake ƙaruwa a kansa shi ne wanda filinsa ya tashi fiye da na sauran 'yan rukuninsa.

Kada ka ɗauko wannan lissafi ka kawo shi nan gida Najeriya kai tsaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba filin birni, da ke hannun gwamna, da wanda ba na birni ba, da ƙaramar hukuma take ba da izinin riƙewa, amma wannan rabo na iko ne. Harajin da tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumominmu damar kimantawa na gidaje ne, wato ginin da su can suke cirewa shi ne mu nan muke fara dubawa.