Mahaifina ɗan kasuwa ya rasu, me zan yi masa?

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinka ya rasu bayan ya ƙare rayuwarsa a kasuwa, kana tambayar abin da za ka yi masa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ka fara da littafin bashinsa. Nawa mahaifin atamfa da shadda ya sayar a Kantin Kwari, a Kano, tun yana yaron shago har furfura ta cika masa gemu. Bayan rasuwarsa muka buɗe durowarsa, muka tarar da littafin nan duk gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗewa. Wasu sunayen ya ja musu layi, ya rubuta "na yafe" da ajami. A nan na fashe da kuka. Waɗanda ke binsa kuwa, sai da muka sallame su kafin a taɓa gado, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta tsara.

Sannan kada ka yar da abokansa. Hadisin Muslim ya kira zumunci da su mafificin biyayya. Har yau duk Juma'a nakan leƙa layinsu in gaishe da Baba Alhaji, maƙwabcin shagonsa.