Tambaya da Amsa: Wane Hannu Ya Dace da Tsofaffin Gem?

Saƙonni huɗu suka shigo makon nan a kan abu ɗaya, wato hannun buga gem, musamman na tsofaffin wasannin da muka taso da su. Na taƙaita tambayoyin don mu samu wurin magana.

Wani ɗalibi daga Samaru ya ce: "Malam, na zuba wasannin Nintendo na da a laftof, na sayi hannun nan na tagwaye mai USB. A Contra in na danna gaba sai mutumin ya kwanta ko ya harba ƙasa, a Mario kuma tsalle ba ya fita yadda nake so. Kwamfutar ce ko hannun?"

Hannun ne, ƙanena, kada ka ɗora wa laftof laifin da ba nata ba. Duk wasannin wancan zamanin a kan maɓallin alƙibla aka gina su, wannan mai siffar kuros da ke ƙarƙashin babban yatsanka na hagu. Injiniyan Nintendo Gunpei Yokoi da abokan aikinsa ne suka fito da shi a 1982 a jikin ƙaramin gem ɗin Game & Watch, daga nan ya koma hannun Famicom a 1983, na'urar da ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Babu analog a jikinsa, wato 'yar sandar nan da ake juyawa da babban yatsa. Kuros ne, sai A da B, sai Start da Select, shi ke nan.

A ƙarƙashin kuros ɗin akwai wuraren taɓi huɗu, a tsakiyarsu kuma ɗan tudu ne da yake juyawa a kai. Aikin tudun shi ne in ka danna dama, hagu ta ɗaga, sama da ƙasa kuma su tsaya inda suke. Hannayen araha da yawa ko dai tudun ya yi gajere ko robar ta yi laushi, sai ka danna dama ƙasa ma ta taɓa. Abin da ke kwantar maka da sojan Contra ke nan ana tsakiyar wuta.

Gwajin ba shi da wuya, kuma a gaban mai shago ake yinsa. Ɗora yatsa a tsakiyar kuros ka danna. In gaba ɗayansa ya nutse, ajiye masa kayansa. In ka je da laftof, rubuta joy.cpl a akwatin Run na Windows, za ka ga kowane maɓalli yana haske in ka taɓa shi. Danna dama ka ɗan girgiza yatsa sama da ƙasa kaɗan. Hannu mai kyau zai tsaya a dama har sai ka karkata da gangan.

Wani zai ce to a yi amfani da analog mana. Ana iyawa, amma sandar tana da tafiya kafin ta kai gefe, kuma waɗannan wasannin ba su san "kaɗan-kaɗan" ba, ko ka danna ko ba ka danna ba. Shi ya sa hannun Xbox 360, duk da ƙarkonsa da daɗin riƙonsa, ba na ba mai tsofaffin gem shawarar sayensa: kuros ɗinsa faifai ne mai lilo, kuma an daɗe ana kuka da shi. Ni a wurina hannu mai fasalin Super Nintendo ya fi, irin SN30 Pro na kamfanin 8BitDo. In aljihu bai kai ba, nemi hannun PS2 na asali ko da tsoho ne, ka haɗa shi da 'yar adaftar da ke mayar da shi USB.

Batun tsallen Mario kuwa, ina zargin jerin maɓallai ne. A hannun NES, B da A suna jere ne gefe da gefe, kana riƙe da B don gudu, ka mirgina yatsa kan A ka yi tsalle. A hannu mai maɓalli huɗu, shiga saitin manhajar da kake buga wasannin da ita ka sa gudu a na hagu, tsalle a na ƙasa, yadda Super Mario World ya tsara nasa. Yatsa ɗaya zai rufe su biyun. Ka kuma lura, A ɗin Nintendo a dama yake, na Xbox a ƙasa, wannan kaɗai ya rikita mutane da dama.

Wani magidanci daga Sabon Gari: "Ni Sega na sani, Street Fighter II da Mortal Kombat. Har yanzu tsohuwar na'urar tana nan a gida, hannun ne ya mutu. Na ga hannun gem ɗin nan mai kaset 999 a 1, bakinsu iri ɗaya ne. Zai yi?"

Ba zai yi ba, Alhaji. Bakin iri ɗaya ne, ramuka tara, amma haɗin wayoyin ciki da yadda suke aika saƙo daban ne, domin waccan kwaikwayon Famicom ce. Kada ma ka gwada cusawa.

Abin da za ka nema shi ne hannun Mega Drive, wato ita na'urar Segar taka, mai maɓalli shida. Na farkon da ya zo da na'urar a 1988 uku gare shi, A, B da C. Street Fighter II kuwa naushi uku ne da shuri uku, don haka mai hannun uku sai ya riƙa danna Start yana sauyawa tsakanin naushi da shuri, abokin karawarsa na jibgarsa. A 1993 Sega ta fitar da mai shida, uku a sama uku a ƙasa, kuma har yau ban riƙe hannun da ya fi shi daɗin zagaya ƙasa zuwa gaba don sakin wutar Ryu, ɗan damben Street Fighter, ba. Kamfanin Retro-Bit yana yin sababbi da lasisin Sega, 8BitDo kuma yana da M30. Sai dai ka duba kwali da kyau kafin ka biya: akwai mai bakin tara na tsohuwar na'ura, akwai mai USB na kwamfuta, akwai mai Bluetooth. Naka shi ne mai bakin tara.

Wani matashi daga Tudun Wada: "A waya nake buga ƙwallo da PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP, ƙaramin gem ɗin Sony. Mai igiya zan saya ko marar igiya? Wani ya yi mini tayin hannun PS4 sabo a kwali da araha sosai."

Bari in fara da na ƙarshen, don nan ne kuɗinka zai iya salwanta. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, kwali a like, mai shagon ya ce in an buɗe an saya. Na kai gida, na ji shi sakayau kamar babu komai a ciki, batirin bai kai awa ɗaya ba, kafin sati biyu ɗan wasana ya fara tafiya hagu shi kaɗai ba tare da na taɓa komai ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni dai ban san rariya na saya ba. Jabun hannun PS4 sun cika kasuwa, kuma kwalinsu ya fi na asalin sheƙi. Duk wanda ya hana ka gwadawa da wayarka a gabansa, yi masa sallama. Tsohon na asali da ka gwada ya fi sabon da aka hana ka buɗewa.

Igiya ko babu igiya? Yawancin tsofaffin wasanni suna nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, na Turai 50, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan tsakanin dannawa da motsi yana sa ka faɗa rami a Sonic. Igiya ce ta fi saurin isar da saƙo, sai marar igiya mai ɗan kan USB na 2.4GHz, Bluetooth ne yawanci na baya, ko da yake a ƙwallo ba kowa zai ji bambancin ba. Ga kuma batun wuta: mai igiya ba ya neman caji, amma yana shan batirin wayar, kuma ya toshe ramin da za ka yi cajin. Za ka buƙaci 'yar mahaɗar OTG, wadda ke haɗa igiyar USB da waya, da ta dace da bakin wayarka, Type-C ko ƙaramin na da. Tunda PSP tana da analog ɗaya da L da R, kada ka sayi hannun da babu analog. Kuma in an kawo maka hannun Xbox 360 marar igiya, ka sani ba Bluetooth yake amfani da shi ba, sai da nasa risiba.

Wata uwa daga Gyallesu: "Yarana sun ce hannun gem ɗinsu ya daina aiki, sai an danna da ƙarfi. Karo na uku ke nan da zan saya a shekara ɗaya."

Hajiya, kada ki saya tukuna. In maɓalli sai an matsa da ƙarfi, galibi datti ne. Ƙurar hunturun Zariya da maiƙon hannun yaro da ya gama cin ƙosai suna taruwa a kan baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin robar. A kwance sukurorin baya, a goge ɗigon da wurin da yake taɓawa a allon ciki da auduga da ɗan sifirit na kemis, a bari ya bushe kafin a rufe. Ban da ruwa, ban da kananzir. In kuma hannun yana ɗaukewa yana dawowa in an motsa igiyar, to ta karye ne daga ciki, yawanci a wuyanta, saboda yadda yara ke naɗe ta tamau a jikin hannun. Masu gyaran waya a PZ ta Zariya za su yanke wurin su sake haɗawa da dalma cikin 'yan mintuna. Ki sa babban cikinsu ya kai, ya tsaya a gwada a gabansa, in sun dawo kuma ki ba su tsohuwar jakar leda mai zif su riƙa ajiye shi a ciki.