Tambaya da Amsa: Wai Littafin Hausa Zai Iya Cin Nobel?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Hausa, musu ne ya kaure tsakanina da ƙawata, ta ce wai sai wanda ya yi rubutu da Turanci ake ba kyautar Nobel, ni kuma na ce ina, ba haka ba ne. Dan Allah a raba mana gardama, kuma in ni ce da gaskiya to me ya hana marubutanmu ci? (Wata ɗaliba daga Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama ke ce da gaskiya, amma kar ki yi saurin yi wa ƙawar taki dariya dan ita ma ba ta yi nisa da hanya ba. Babu dokar da ta ce sai Turanci. Najib Mahfuz na Masar da Larabci ya yi rubutunsa, labaran lungunan Alƙahira da masu shayi da 'yan kasuwa, kuma ya ci a 1988, shekara biyu bayan Wole Soyinka. Matsalar ita ce masu zaɓen, wato Majalisar Masana ta Suwidin, kujeru 18 ne kacal, kuma mutum ba ya aika littafinsa da kansa, sai dai farfesoshin adabi da harshe ko shugabannin ƙungiyoyin marubuta ko waɗanda suka taɓa ci su miƙa sunansa, to ko an miƙa sunan Bahaushe da me za su karanta shi in ba a fassara ba? Shi Mahfuz kafin ya ci an riga an juya wasu littattafansa zuwa Turanci da Faransanci. Mu kuwa masananmu sun fi son rubuta takardar nazari a kan littafi dan ƙarin girma a jami'a, fassara kam sai jefi-jefi.

Ni fa a ganina Nobel ta yi mana nisa ma, mu fara da gida. Kyautar adabi ta NLNG, wato kamfanin iskar gas na Najeriya, dala 100,000 ce, Abubakar Adam Ibrahim ɗan Jos ya ci a 2016 da labarin da duk rayuwar Hausawa ce a ciki, amma da Turanci ya rubuta, haka duk sauran da suka ci. Namu gasannin kuwa yau akwai gobe babu. Dubi ta 1933 da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya, daga ita aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ki tambayi 'yan ajinku nawa aka ba Imam, wallahi da wuya ki samu mai amsa, amma kowa ya san Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja. Abin da ya raya littattafan shi ne an gyara, an buga, an kai makarantu yara suka yi ta karantawa har bango ya yage. Yanzu kuwa sai a tara mutane a otal, a ɗau hoto da ƙaton ceki na kwali, a watse, labarin da ya ci kuma ki neme shi a kasuwa ki rasa.

TAMBAYA: Malam ina rubuta labarai ina sawa a WhatsApp, wace gasa zan shiga? (Wata matar aure daga Maraɗi)

AMSA: Hajiya ki sa ido a kan Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 aka fara ta domin mata marubuta gajerun labarai. Ki karanta ƙa'idojin shekarar da kyau dan suna canzawa, musamman yawan kalmomi, kuma kar ki tura wanda kin riga kin watsa a guruf. Kafin ki tura ki ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba miki raba kalma da haɗe ta, dan alƙalai malaman Hausa ne galibi, suna ganin "yace" da "nace" a layin farko ransu ya fara ɓaci.