Amsa ga mai tambayar tara gudummawa a ƙaramar majami'a

'Yar'uwa, kin ce membobinku ba su da kuɗi, ta ina za ku fara taimakon mabukata? Ku daina jiran kuɗi. Mu a Zumuntar Mata, da kaka muke ajiye buhu a ƙofar majami'a, kowace ta zuba mudun masara ko dawa duk Lahadi. Kafin Kirsimeti buhu uku sun cika.

Tufafi kuwa, don Allah a wanke a goge tukuna. An taɓa kawo mana tsummokaran da ni kaina na ji kunyar ɗauka. Sunayen gwauraye da marayu, ku nemi mai unguwa, ya fi fasto sanin gidan da ba a hura wuta ba, har da maƙwabtanmu Musulmi. Matasa su kai da yamma, ban da ɗaukar hoto.