Yadda Za a Zaɓa wa Tsohon Gidan Gado Launin da Ya Dace da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mun gaji gidan kakanmu a Zangon Kumasi, gidan bene mai tsakar gida, wanda ya gina da ribar fataucin goro tun kafin Ghana ta sami 'yancin kai a 1957. Mun gama gyaran rufi, saura fenti. Damuwata ita ce kowane ɗaki da launinsa, domin duk wanda ya zauna a ciki ya shafa abin da ransa ya so. Yayana yana son a yi fari fat ko'ina, ni kuwa ina son gidan ya koma kamanninsa na da. Ta yaya za mu zaɓi launukan da za su zauna da juna? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan kakanku, ya sa albarka a wannan aiki. Shawarata ta farko ita ce kada ki fara da kantin fenti, ki fara da gidan kansa, domin ya riga ya zaɓi rabin launukansa tun ranar da aka gina shi. Ki zagaya da rana tsaka ki dubi abubuwan da ba za ku canza ba: daɓen ƙasa, wanda a yawancin gidajen wancan zamani jan siminti ne, da katakon ƙyaure da tagogi, da matakalar bene, da kwanon rufi, har da jar ƙasar da ke bakin ƙofa. Duk launin da ya yi faɗa da waɗannan, komai kyansa a cikin galan, zai zama bare a jikin bango.

Daga nan sai ki sa mai fenti ya kankare ɗan wuri kamar tafin hannu a bayan ƙyaure, ko a ƙarƙashin baranda inda rana ba ta kai, a hankali, shafi bayan shafi, har ya isa filastar asali. Launin da ke can ƙasa shi ne na kakanku. Ba dole ba ne ku maimaita shi sak, amma zai nuna muku inda za ku dosa, kuma sau da yawa yakan kashe gardama tsakanin 'yan'uwa, saboda kowa yana jin nauyin zaɓin mai gida.

Launi uku sun ishi gidan nan. Na farko shi ne na bango, wanda zai ci mafi yawan wuri, kuma a nan ina tare da yayanki rabin hanya: haske ya dace, amma ba fari fat ba. Ranar Kumasi tana dukan tsakar gida daga sama, farin da ba a sirka ba yakan kashe ido, kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana bayyana a kansa cikin 'yan makonni. Ruwan madara ya fi shi haƙuri, ya kuma fi dacewa da jan daɓe. Na biyu shi ne na gindin bango, tun daga ƙasa zuwa kamar tsayin ƙugu, kuma ina ba da shawarar ja mai duhu irin na ƙasa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Asante. Gine-ginen gargajiya da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1980, irin wanda ke Besease kusa da Ejisu, haka aka yi su, fari a sama, jar ƙasa a gindi. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya ga damina a nan, wadda ke zuwa sau biyu a shekara: ruwan da ya zubo daga kwano yana fantsamo jar laka a gindin bango, to idan gindin ja ne tun asali, dattin ba ya nunawa. Bugu da ƙari, launukan da aka samo daga ƙasa sun fi jure rana, ba sa saurin koɗewa kamar ja mai ƙyalli.

Launi na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci, wato na katako. Ƙyaure da tagogi da dogaran baranda da hannun matakala, daga zaure har saman bene, duk su ɗauki launi guda, ko kore mai duhu ko ruwan ƙasa. Wanda ya tsaya a tsakar gida yana ganin ƙofofin gaba ɗaya a kallo ɗaya, saboda haka idan suka zama iri ɗaya, gidan ya haɗu, ko da kun bar kowa ya ɗan sauya launin cikin ɗakinsa. Idan kuwa kankarewa ta nuna katakon odum ne, wato na itacen iroko, to ina roƙonku kada ku rufe shi da fenti ko kaɗan. A goge shi a shafa masa mai kawai, domin irin wannan katako yau yana da wuyar samu.

Akwai abin da ya wuce launi, wanda ba zan iya yin shiru a kansa ba. Idan bangon na ƙasa ne ko an yaɓe shi da farar ƙasa, yana buƙatar ya riƙa fitar da laima, fentin mai kuwa yana toshe shi, sai danshi ya taru a ciki, fenti ya kumbura ya ɓare, filasta ta bi bayansa. Irin wannan bango farar ƙasa yake so, ko fentin ruwa marar sheƙi. Inda aka yi sabon yaɓen siminti, a bar shi ya sha iska kamar kwana 28 kafin a shafa masa komai. Sannan tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka a jiƙa wurin kafin a goge, mai aikin ya rufe hanci da baki, a kuma nisantar da ƙananan yara da masu juna biyu har a share ƙurar.

Kafin ku sayi bokiti ko ɗaya, ku sayi ƙaramin gwangwani na kowane launi, a shafa faɗin mita ɗaya a bangon da ke fuskantar rana da kuma wanda ke cikin inuwar baranda. Ki kira yayanki ku duba tare da hantsi, da azahar, da bayan magariba a hasken ƙwan lantarki, har kwana uku. Launi yakan fi haske a waje, ya fi duhu a ɗaki, kuma yakan fi ƙarfi a babban bango fiye da yadda ya bayyana a 'yar takardar kanti. Wanda kuka amince da shi, a rubuta lambarsa a ajiye, a kuma sayi abin da zai isa gidan a lokaci guda, domin haɗin da aka yi daga baya yakan ɗan bambanta da na farko.