Tambayi likita: ido lafiya lau, amma ba ya ganin rabin kwano

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru sosai wanga mako, na ware guda ukku da sunka haɗu kan magana ɗaya, wato ido da ƙwaƙwalwa. Sauran ku yi haƙuri sai mako na gaba in Allah ya kai mu.

Wata baiwar Allah daga unguwar Ali Ɗan Sofo ta rubuto: "Likita babanmu hawan jini ya buge shi wata huɗu ke nan, ɓarin hagu ya shanye. Yanzu in anka aje mishi tuwo sai ya cinye na dama ya bar na hagu kuma ya ce bai ƙoshi ba. Likitan ido ya ce idonshi ƙalau. Ko iska ce?"

Allah ya ba Baba lafiya ƴar'uwa. Ba iska ba ce, kuma ba da gangan yake yi ba. Ido aikinshi ɗaukar hoto ne kawai, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓen abin da za a maida hankali a kai, kuma ɓarin dama nata shi ke kula da gefen hagu na duniya. To in jini ya toshe ko jijiya ta fashe a wajen sai gefen hagu ya fita daga lissafin mutum gaba ɗaya, ni da kaina na ga dattijon da ya aske gemun dama tas ya aje reza shina ganin ya gama. In Baba ya cinye rabi ku juya mishi kwanon a hankali. Ku riƙa zama ta hagunshi in za ku yi hira don ya saba waiwayawa, ku ɗaura jan ƙyalle a hannunshi na hagu. Kada ku bari ya tsallaka titi shi kaɗai, kabu-kabu da ke tahowa ta hagu ba zai lura da ita ba. A ci gaba da gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti, maganin tansiyo, wato hawan jini, kuma kada a tsallake ko kwana guda. Da yawa suna samun sauƙi cikin watannin farko.

Sai wani saurayi daga Tibiri: "Tun ina yaro ba na gane fuskar mutane. Ranar kasuwa na wuce kawuna ban gaishe shi ba, aka ce girman kai gare ni. Mi ke damuna?"

Ɗan'uwa saƙonka ya taɓa ni wallahi, don a ƙasar nan tamu rashin gaisuwa ba ƙaramin laifi ba ne. Abin da kake faɗa sananne ne, makantar fuska ke nan, wani likitan Jamus Joachim Bodamer ya raɗa mishi suna tun 1947. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka sunka nuna akwai wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki sosai in an ga fuska, fiye da in an ga gida ko wani kaya. Wasu haka anka haife su, kusan mutum 2 cikin 100, kuma yakan bi dangi. Ba taɓin hankali ba ne. Ka kama mutane ta murya, tafiya, hula, zane ko tsagar fuska, ka riƙa fara sallama ga kowa, sannan ka sami Kawu ka yi mishi bayani da bakinka. Amma wanda da shina ganewa sai rana tsaka ya daina, wannan asibiti ne maza-maza, ba jira.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa nan Maraɗi: "An turo min a WhatsApp wai akwai kafso na sitem sel da ke sabunta ƙwaƙwalwa, jikka hamsin kwali guda. In saya wa tsohuwata?"

Alhaji riƙe kuɗinka. Binciken sitem sel ɗin kanshi gaskiya ne. Shinya Yamanaka na jami'ar Kiyoto a Japan ya nuna a 2006 cewa ana iya ɗaukar ƙwayar halitta ta fata a maida ta baya ta koma kamar jaririyar ƙwaya wadda ke iya zama kowace irin ƙwayar jiki, wato sitem sel, da ɓera ya fara, a 2007 ya yi da ta mutum, a 2012 ya sami kyautar Nobel. Daga irin waɗannan ƙwayoyi yanzu ana renon jijiyoyin ƙwaƙwalwa cikin ɗan faranti, ana nazarin ciwo da gwajin magani a kansu. A 2018 can Kiyoto anka fara dasa su a ƙwaƙwalwar masu ciwon karkarwa da ake kira Fakinsan, mutum 7 kacal, da tiyata a ka da sa ido na shekara biyu, sai 2025 sakamakon ya fito.

To ka gani, ƙwaya mai rai ce da ake lallaɓawa a ɗakin bincike, ba ta rayuwa cikin kwali a zafin watan Afrilu na Maraɗi, ko da ta rayu ciki zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da nama. Kuma gane fuska ko maida hankali ba aikin ƙwaya guda ba ne, hanyoyi ne da sunka saƙu shekara da shekaru tun mutum na goye. Ba ka faɗa min abin da ke damun Hajiya ba. In mantuwa ce ko shanyewar jiki, kawo ta a auna tansiyo da suga, ka taho da duk magungunan da take sha cikin leda mu duba su ɗaya bayan ɗaya.